Tantabarun Baba da Hanyar Kebbe

Duk wanda ya san gidanmu na Tambuwal a da, da kunne ya fara saninsa. Tun daga bakin lungu za ka ji ƙugin tantabaru, in ka shigo zaure kuma wani wari mai ɗumi ya tarbe ka, na gero da gashin tsuntsu da busasshen kashi. Mu da aka haifa a ciki ba ma jinsa. Sai da na yi aure na fita, na dawo wuni, sannan na gane ashe gidanmu yana da warinsa na kansa. Har yau in na ratsa layin masu tsuntsaye a kasuwa na shaƙi irinsa, sai na ji idona ya kawo ruwa.

Baba malamin firamare ne, ya koyar har ƙafa ta gaji ya yi ritaya. Amma ko lokacin da yake aiki, makaranta rabin ransa kawai ta samu, ɗaya rabin yana ɗakin tantabaru. Da hannunsa ya gina ɗakin, da jar ƙasa, ya jera tsofaffin tukwane a cikin bango, kowace tukunya gidan miji da mata. Kuma bai gina shi can bayan gida kamar yadda mutane ke yi ba, a'a, jikin ɗakin kwanansa ya manna shi, har da 'yar taga a tsakani don ya riƙa jin motsinsu. Ba ya ce musu tsuntsaye. "Mutanena" yake ce musu. Yana da wani kira da yake yi da harshe da leɓe, yana kaɗa ƙwaryar gero, kafin ka ce me tsakar gida ta cika da fiffike, wasu a kafaɗarsa, wasu a kan hula.

Ni ce babba a gidan, sunan mahaifiyarsa aka sa min, don haka "uwata" yake kirana. Ya kan ce ba sunan kaɗai na gada ba, har da faɗan. Ban taɓa musa masa ba.

Abin da aka fi sanin Baba da shi a unguwa shi ne renon 'yan shila. In shaho ko kyanwa ta ɗauke uwa ta bar 'ya'ya tsirara a tukunya, ba sa iya tsattsagar hatsi da kansu, sai an ba su a baki. Baba ya kan jiƙa gero, ya tauna shi ya yi laushi, ya ɗora ɗan shila a tafin hannu, ya sa ɗan bakin nan tsakanin leɓɓansa ya riƙa tura masa kaɗan-kaɗan. Ruwa ma haka, daga bakinsa. Ɗan tsuntsun yana karkaɗa fiffike yana ƙara cusa kai kamar zai shige ciki. Maƙwabta in nasu sun zama marayu, cewa suke a kai wa Malam. Ni ma ya koya min tun ina 'yar ƙarama, kuma ina tuna yadda bakin ɗan shila ke yi min cakulkuli a harshe har dariya ta sa in fesar da geron. Babu wanda ya taɓa kawo wa ransa cewa akwai wani abu a ciki. Tausayi muka ɗauke shi, kuma tausayin ne.

Shara ma shi yake yi, ba ya bari kowa ya shiga. Ya kan rufe ƙofa don kada su firgita su watse, ya kankare kashin da ya bushe ya tara a buhu. Ba ya yayyafa ruwa, don masu noman albasa da ke zuwa daga wajen Sanyinna sun fi son takin a bushe. Kyauta yake ba su, in albasa ta yi su kuma su ajiye mana rabonmu a zaure. In ya gama sai ya fito fari fat har gira, yana atishawa yana dariya.

Inna kuwa tsakaninta da tantabarun nan yaƙi ne da ba a taɓa sulhu ba. 'Yar Kebbe ce, cikin shanu ta tashi, kuma a wurinta dabbar da ba ta ba da nono zaman banza take yi. Ta shanya kuɓewa su tattake, ta shanya wanki su yi masa ado. Kullum za ka ji ta daga madafa: "Malam, taho ka ga aikin mutanenka!" Shi kuma ya leƙo ya ce, "Ki yi haƙuri, zan yi musu magana." Shekara da shekaru ana haka, ƙafarta ba ta taɓa taka ɗakin nan ba. Abu ɗaya take yarda da shi, farfesun 'yan shila da Baba kan sa a kai wa mai jego ko wanda ya tashi daga ciwo. Wannan ta iya shi, da citta da masoro, har mai lafiya ya yi fatan ya kwanta.

Shekarar da abin ya faru, bayan ɗaukewar ruwa ne, ana ta yankan gero. Tantabarun suka fara ciwo. Sai ka ga ɗaya ta kumbura gashi ta lafe a tukunya, ido yana ruwa, kashi kore. Wasu suka mutu. Baba ya tare a ɗakin, yana jiƙa musu kanwa, waɗanda suka kasa sha yana ba su da bakinsa kamar yadda ya saba. Ba a jima ba shi ma ya kwanta. Zazzaɓi, da ciwon kai wanda ya ce kamar ana sara, sai kuma wani tari busasshe da ba ya fitar da komai. Muka ce maleriya ce, lokacinta ne, aka sayo magani. Muka ce taifot. Inna ta dafa citta da lemun tsami da zuma, ta yi masa sirace. Ranar da na zo na same shi yana sallah a zaune, yana yanke Fatiha gida-gida don numfashi ba ya kai shi ƙarshen aya, ranar na ce ba zai ƙara kwana a gida ba. Daga asibitin gari aka tura mu Sakkwato.

Ba na son tuna kwanakin nan. Mutumin da muryarsa ke cika aji ba lasifika, ga shi kwance da roba a hanci, ƙirji yana hawa yana sauka da ƙyar. Inna tana zaune a ƙasa gefen gado, carbi a hannu, ba ta ci ba ta sha. Aka ɗauki hoton ƙirji, aka gwada tarin fuka ba shi ba ne. Sai wata likita, mace mai sanyin magana, ta zo ta zauna ta yi ta tambaya: me yake ci, ina yake kwana, ya yi tafiya kwanan nan? Can ta ce, "Akwai dabbobi a gidan? Kyanwa, kaji, tsuntsaye?"

Wallahi a wannan halin Baba ya buɗe ido ya ɗaga yatsa, da alfahari, kamar ɗalibin da ya san amsa.

Inna ce ta yi bayani. Ta faɗi ɗakin, ta faɗi tagar, ta faɗi sharar da ƙofa a rufe, ta faɗi waɗanda suka mutu. Ta ce, "Likita, har baki da baki shika ba su abinci. Na yi magana har na gaji." Ba ta taɓa yin magana a kan wannan ba, ina shaida, wanki da kuɓewa kawai take yi wa faɗa, amma ba wurin gyara mata zance ba ne.

Likitar ta ce akwai cutar da tsuntsaye ke ɗauke da ita wadda ke kama mutum a huhu. Tana cikin kashinsu da ruwan hancinsu, in kashin ya bushe ya zama ƙura aka shaƙa, shi ke nan ta samu hanya, balle a haɗa baki. Ta ce wani tsuntsun ma lafiyarsa lau a ido amma yana ɗauke da ita, kuma tsofaffi da masu ciki da masu raunin ƙirji ta fi wahalarwa. Aka canza masa magani, cikin ikon Allah zazzaɓin ya sauka, numfashi ya fara dawowa. Ranar sallama ta dube shi ta ce, "Baba, wannan karon an ci sa'a. Amma huhunka ya ji jiki, kuma cutar nan ana sake kamuwa da ita. Zama da tsuntsayen nan ya ƙare."

Ni na ɗauki maganar a ka. Na kira malamin dabbobi, aka ware marasa lafiya aka binne waɗanda suka mutu, sauran aka yi ta zuba musu magani a ruwa har ya ce sun yi. Sannan na aika wa Kawu, ƙanen Inna da ke Kebbe. Yana da fili a bayan gari inda shanunsa ke kwana in sun dawo daga kiwo, da wata tsamiya nesa da ɗakunan mutane, ya ce a kawo. Na shirya faɗa sosai kafin in tunkari Baba, har na haddace abin da zan ce in ya ƙi. Sai kawai ya ce, "To, uwata, duk yadda kinka ce." Na tsaya da faɗana a baki, ban samu inda zan sauke shi ba.

Aka zuba su a kwanduna aka ɗaure a bayan mashin. Na sa aka wanke ɗakin da ruwa da magani, aka toshe ƙofofin shigarsu da laka, aka like tagar nan. Gida ya yi tsit. Inna ta shanya kuɓewarta a tsakiyar tsakar gida, ta zauna tana kallonta.

Ba a yi mako ba, wata safiya na biyo kafin in wuce makarantar da nake koyarwa, sai na ga wani jan namiji a kan katanga. Na san shi sarai, shi ne tsohon cikinsu, Baba da bakinsa ya rene shi. Kafin azahar matarsa ta iso. Washegari wasu, jibi wasu, bibbiyu, a gajiye, suna sauka kan rufin kwano suna leƙen ƙofofin da aka toshe. Kawu mutumin shanu ne. Ya ajiye su kwana biyu a rufe, ya ga sun ci sun sha, ya buɗe musu kamar yadda ake sakin maruƙa. Su kuma suka tashi sama, suka yi kewaye, suka kama hanyar Tambuwal.

Baba yana zaune a kujerarsa, bargo a gwiwa, fuska kamar ta wanda bai san komai ba.

Na ce, "Baba, ka san za su dawo!"

Ya ce, "Uwata, ni na kira su? Hanya sunka sani."

Na yi faɗa ranar har maƙwabta suka leƙo. Na tuna masa robar hanci, na tuna masa sallah a zaune. Ya yi alkawarin ba zai taɓa su ba, ba zai buɗe ɗakin ba, kuma ya cika. Amma tsuntsayen da suka rasa ɗaki sai suka koma kwana ƙarƙashin rufin ɗakinsa, daidai saman ƙofa. Kuma kullum da hantsi sai a ga gero a watse a gindin dogon yaro. Da na tambaya, cewa ya yi na kaji ne. Rabonmu da kaji a gidan nan tun kafin aurena.

Kashi ya fara taruwa a bakin ƙofarsa, rana tana busar da shi, iska tana kaɗa shi ciki. Wata rana ya miƙa hannu zai ɗauki tsintsiya, Inna ta riga shi. Ta ɗaure hanci da gyale, ta yayyafa ruwa don kada ƙura ta tashi, ta duƙa ta share, ta wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu. Daga ranar kullum ita ce, da safe da la'asar. Matar da ta shekara arba'in da wani abu tana zagin tantabarun nan, ita ce yau take kankare musu kashi da tsohon bayanta.

Abin ya ƙona min rai. Na same ta a madafa na ce zan kawo masu kamawa su kwashe su a kai kasuwa, kowa ya huta. Ta ci gaba da tankaɗe ba ta dube ni ba. Ta ce, "Ke dai ba ki da haƙuri. Kin ga yadda ya zamna kwanakin da ba su nan? Abinci ma sai na yi da gaske. Bar shi. Sharar ga ba ta kashe ni."

Na ce, "In ta kashe ki fa?"

Ta ce, "Miƙo min faifan can."

Haka muka yi ta tafiya har sanyi ya shigo. Ran wata Asabar na zo da hantsi, Baba yana kan kujerarsa yana shan rana, Inna tana duƙe a bakin ƙofa tana shara. Sai tari ya kama ta. Ta dafa bango, ta yi, ta yi, busasshe, ba ya fitar da komai. Ta ɗan huta ta sake duƙawa, ya sake taso mata. Na dubi Baba. Ban taɓa ganin tsoro a fuskarsa irin na ranar ba, ko a gadon asibiti. Ya san sautin tarin nan, daga ƙirjinsa ya fara jin sa.

Ya miƙe, bargo ya faɗi ƙasa. Ya ce, "Aje tsintsiyar ga."

Ta ce, "Saura kaɗan, Malam."

Ya ce, "Na ce ki aje." Muryar aji ce ta dawo, har tantabarun suka tashi.

A ranar ya sa na kai ta asibiti, shi ma ya ce sai ya bi mu. Aka duba ta ciki da waje, aka ce mura ce kawai ta shigowar sanyi. Inna ta yi ta mita a hanya wai an ɗaga mata hankali an bar mata tuwo a wuta. Muna isa gida Baba ya ce in aika Kebbe, Kawu ya zo da kwanduna.

Da magariba, bayan sun hau makwanci, aka kama su. Baba ya sa aka kai masa kujera can bakin zaure, nesa, ya ɗaure hanci da rawani, daga nan yake ba da umarni. Ya ce kowace a haɗa ta da mijinta a kwando ɗaya, kuma daga inda yake zaune yake nunawa: wancan mai wuyan kore da waccan fara, jan nan da mai ɗigo a fiffike. Ya ce a fasa bangon ɗakin a ciro tukwanensu, a wanke a shanya, a tafi da su, kowa a mayar masa da tasa. Har na ɗauka ya gama. Can ya kira Kawu.

Ya ce, "In kun isa, kada ka sake su. Ka kama fiffike guda, ka fige dogayen gashin, na bakin nan. Fiffike guda kawai. Ba su iya nisa da shi, sai dai su yi tsalle su hau tsamiya. Kafin gashin shi tsiro sun yi ƙwai, in sunka ƙyanƙyashe kuwa, ko ka kore su ba su zuwa ko'ina. Nan za shi zama gida."

Kawu ya riƙe baki. Ya ce, "Malam, ashe ka san wanga duka? Mi ya hana ka faɗa min wancan karon?"

Baba ya ce, "Ba ka tambaya ba." Muka yi 'yar dariya. Shi bai yi ba. Ya ce a hankali, "Wancan karon ban so su zamna ba."

Na juya na shiga ɗaki, don ban so ya ga ina kuka. Ni da na yi ta haƙilon a raba shi da su, ranar na ji tausayinsa har cikin ƙashina. Shi kaɗai ya san dabarar da za ta sa su manta shi, kuma da bakinsa ya ba da ita.

Ba su dawo ba. Makonnin farko Baba ya kan zauna da hantsi yana duban sama ta wajen kudu, in ya ga na lura sai ya ce hadari yake dubawa, alhali rani ne tsagwaro. Ɗakin tantabaru ya zama wurin ajiye itace. Sannu a hankali ƙirjinsa ya washe, ya koma zuwa masallaci da ƙafa, ya koma jan doguwar sura ba ya yankewa. Inna kuwa ta rasa abokan faɗa, sai ta dawo kaina.

Da damina ta zagayo aka yi haihuwa a gidan Kawu, muka tafi suna Kebbe mu uku. Bayan an ci an sha, Baba ya ce zai ɗan taka ya ga shanu. Babu wanda ya yarda shanu za shi gani, ni da Inna muka bi bayansa. Ga tsamiyar, ga tukwanenmu an jera a kan wani dandamali da Kawu ya yi, ga tantabaru sun ninka yadda suke, gashi ya tsiro, suna sheƙi. Matar Kawu ta watsa musu dawa suna ta tsattsaga. Baba ya tsaya nesa, daidai inda likita za ta yarda. Ya daɗe yana kallo. Sai na ji ya yi kiran nan nasa, da harshe da leɓe, ba da ƙarfi ba.

Ƙananan ko motsi ba su yi ba, ba su san shi ba. Jan namijin nan ne kaɗai ya ɗaga kai, ya karkata wuya ya dube mu da ido ɗaya. Har ga Allah ban san abin da nake roƙo ba, ya taso ko kada ya taso. Can cikin wata tukunya ɗan shila ya yi ƙara. Jan ya sunkuya ya ƙara tsattsagar dawa, ya tashi ya shige tukunyar.

Baba ya gyaɗa kai. Ya ce, "Madalla. Ya zamna."

Ya juya ya dubi Inna, ya ga ta fito ba mayafi mai kauri ga iskar ruwa tana kaɗawa. Ya cire rawanin da ke wuyansa ya miƙa mata. Ya ce, "Rufe ƙirjinki, mu koma ciki."